Damben Joshua da Ruiz na 2019: sa'a ce, ko akwai abin da ba a duba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Har yau ina mamakin damben Anthony Joshua da Andy Ruiz na 2019. Kafin ranar na yi ta cika baki a majalisarmu cewa Ruiz ba zai wuce turmi uku ba, ga shi gajere ga tumbi, shi kuwa Joshua ba a taɓa doke shi ba. Ƙarshen azumi ne, muka tashi sahur muka kalla, sai ga Joshua a ƙasa har sau huɗu. Shin sa'a kawai Ruiz ya taka, tunda Joshua ya rama bayan wata shida, ko kuwa akwai abin da ya kamata a gani tun farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ka yi wannan hasashen ba, kusan duk masu sharhin damben zamani a Ingila da Amurka abin da suka faɗa ke nan. Amma ba sa'a ba ce. Sa'a ita ce naushi guda ya zo a makance ya kwantar da mutum, ya kasa tashi kafin a ƙirga goma. Abin da ya faru a Madison Square Garden da ke Niyok ranar 1 ga Yuni, 2019 daban ne. Joshua ya sha ƙasa sau biyu a turmi na 3, sau biyu a turmi na 7, kuma duk huɗun sun same shi ne yana tsaye daf da Ruiz. Abin da ya faru sau huɗu a dare ɗaya ba a kiransa tsautsayi. Tazara ce ta yanke hukuncin damben nan: a wace tazara aka yi shi, kuma wa ya zaɓe ta.

Hasashen an gina shi ne a kan takarda da hoto. Joshua ya shiga fage da nasara 22 ba faɗuwa, 21 daga ciki bai bari an kai ƙararrawar ƙarshe ba. Yana riƙe da kambuna huɗu na ajin masu nauyi, na hukumomin dambe WBA da IBF da WBO da IBO, ga zinaren Olamfik na Landan 2012. Tsawonsa santimita 198, faɗin hannuwansa 208. Ruiz kuwa tsawo 188, faɗin hannu 188. A sikeli Joshua ya yi kilo 112.4, kusan duk tsoka, Ruiz ya yi 121.6 da tumbi a kan wando. Mafi yawan waɗanda suka yanke hukunci hoton ranar awo suka gani, ba su taɓa zama sun kalli damben Ruiz ko guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Ɗauki faɗin hannu, wanda aka fi kafa hujja da shi. Ana auna shi ne mutum ya buɗe hannuwa, daga kan yatsan wannan zuwa kan yatsan wancan, har da faɗin ƙirji da kafaɗu a ciki. To bambancin santimita 20 ɗin nan, in ka raba shi biyu, a hannu guda bai wuce 10 ba. Taku ɗaya na ƙafar gaba ya cinye shi. Dogon hannu yana da amfani ne muddin mai shi yana zungurin abokin karawarsa da hannun gaba ba ƙaƙƙautawa, yana kuma gocewa gefe bayan kowane jifa. Da zarar gajeren ya kutso ciki, lissafi ya juye. Naushin ƙugiya na mai gajeren hannu lanƙwasarsa ƙarama ce, yana isa da wuri. Na dogon sai ya zagayo, wani lokaci ma damtsensa ne zai daki kan mutum maimakon dunƙulen.

Ƙiba kuma a wannan ajin ba ita ce ƙibar ƙananan azuzuwa ba. Ajin masu nauyi yana farawa daga sama da kilo 90.7, ba shi da iyaka ta sama, don haka ba wanda ake tilasta wa rage jiki kafin awo. Kitse yana rage saurin ƙafa, yana gajiyar da mutum in aka sa shi bin abokin karawa tsawon turmi 12. Amma ba ya rage saurin hannu, ba ya rage kaifin ido, ba ya rage juriyar shan naushi. Ruiz ya fara dambe tun yana ɗan shekara 6, ya yi wasa sama da 100 a matakin 'yan dagaji kafin ya zama ƙwararre a 2009. Joshua sai da ya kai 18 sannan ya fara sa safar dambe a kulob ɗin Finchley da ke arewacin Landan, wasanninsa na dagaji ba su kai 50 ba. Sa'annin juna ne, duk haihuwar 1989, amma akwai ratar shekara 12 ta sabo da naushi a tsakaninsu. Ba a ganin wannan ratar in komai na tafiya daidai. Ana ganinta ne lokacin da aka gigita mutum, tunani ya tsaya, jiki ya koma kan abin da ya saba. Wanda ya taso a ciki tun yarinta, ko kansa na juyawa haɓarsa na sunkuye, hannunsa na aiki.

Sai maganar canjin abokin karawa, wadda aka fahimta a baibai. Asali Jarrell Miller ne zai kara da Joshua, ƙato mai nauyin sama da kilo 135, mai takowa gaba a hankali yana jifa da yawa amma ba sauri. A watan Afrilu gwajin hukumar VADA mai binciken jikin 'yan wasa ya gano haramtattun sinadaran ƙara kuzari har iri uku a jikinsa, GW1516 da HGH da EPO, hukumar wasanni ta jihar Niyok ta hana shi lasisi. Ruiz da kansa ya tura wa Eddie Hearn, mai shirya wasannin Joshua, saƙo ta Instagram yana neman a ba shi damar, aka sanar da sunansa a farkon Mayu. Mutane suka ce ai ɗan cike gurbi ne, wata guda kacal ya samu na shiri. Ba su duba cewa ranar 20 ga Afrilu, mako shida cif kafin ranar, Ruiz ya dambata da Alexander Dimitrenko a Kalifoniya ba, dogo mai kimanin mita 2, ya jibge shi har aka tsayar bayan turmi na 5. Wato daga cikakken horo na tunkarar dogon mutum ya fito, ya ɗan huta ya koma. Joshua kuwa rabonsa da fage tun 22 ga Satumba, 2018, sama da wata takwas, kuma shirinsa na farko duk don Miller aka yi shi. Abokan atisaye ana ɗauko su ne su kwaikwayi wanda za a kara da shi, a tsawo da salo da sauri. In ka shafe makonni idonka na sabawa da hannu mai nauyi marar sauri, aka canza maka da mai jifa huɗu kafin ka ƙifta, kai canjin ya cuta, ba shi ba.

Hujja ta gaba ita ce ta sarƙa: Joseph Parker ya doke Ruiz, Joshua ya doke Parker, saboda haka magana ta ƙare. Wannan lissafin ba ya ci a dambe. George Foreman ya ragargaji Joe Frazier a turmi 2 a 1973, ya yi wa Ken Norton haka a 1974, Frazier da Norton kuma duk sun taɓa doke Muhammad Ali, amma a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba, 1974 Ali ya kwantar da Foreman a turmi na 8. Ko nasarar Parker ɗin, da an duba yadda ta zo da an yi hattara. A Auckland aka yi, garinsu Parker, a Disamba 2016. Alƙali ɗaya ya ba da 114-114, biyu suka ba da 115-113, wato da turmi ɗaya ya juya da canjaras ne. Kuma Parker da kewaya fage ya samu wannan, bai tsaya gaba da gaba ba. Shi ma Joshua da ya doke Parker a Cardiff a Maris 2018 daga nesa ya yi, lafarin ranar kuma yana saurin raba su duk sanda suka matso. Ba ɗaya cikin wasannin biyu da ya nuna hannun wa zai riga isa in Joshua ya tsaya a gaban Ruiz ana musaya.

Alamun suna nan a tarihin Joshua, nasara ce ta rufe su. A Disamba 2015 Dillian Whyte ya girgiza shi da ƙugiyar hagu a turmi na 2. A Wembley ranar 29 ga Afrilu, 2017, gaban mutum 90,000, Joshua ya kai tsohon zakara Wladimir Klitschko ƙasa a farkon turmi na 5, ya zazzage duk ƙarfinsa don ya gama, numfashi ya ƙare masa kafin turmin ya ƙare, a na 6 kuma Klitschko ya kai shi ƙasa da hannun dama. Ya farfaɗo ya yi nasara a turmi na 11, kuma jarumta ce ta gaske, amma Klitschko na da shekara 41 a lokacin, ya ba shi sararin hutawa. Carlos Takam, haifaffen Kamaru, gajere mai ƙirar ƙarfi wanda shi ma cike gurbi ya yi, ya kai shi har turmi na 10. Alexander Povetkin na Rasha, mai tsawo daidai da na Ruiz, yana da shekara 39, ya gigita shi a ƙarshen turmi na 1 ya fasa masa hanci. Haɗa su wuri ɗaya: gajere mai ƙugiya yana samunsa, in kuma ya ga abokin karawa ya ji jiki yakan manta da tsaro. Ruiz gajere ne mai ƙugiya, ya fi Povetkin ƙuruciya da shekara 10, ya fi duk waɗannan saurin hannu, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

Yanzu turmi na 3, inda komai ya faru. Turmi biyun farko ba a yi wani abin kirki ba, sai dai Ruiz ne ke tsakiyar fage, Joshua na kewaye, kuma duk sanda Joshua ya miƙa hagu Ruiz ba ya ja da baya, amsawa yake yi. A farkon na 3 suka haɗe a kusa, Joshua ya taso da dama daga ƙasa ya bi da ƙugiyar hagu, Ruiz ya zauna daɓas. A nan ake buƙatar idon ɗan dambe, domin faɗuwa iri biyu ce. Akwai wadda ƙafa ta mutu, mutum ya tashi yana laluben igiya, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma wadda naushi ya tunkuɗe shi ya faɗi amma hankalinsa na jikinsa. Ka koma bidiyon ka dubi Ruiz a zaune. Idonsa a buɗe tar, fuskarsa ta mamaki ce ba ta jiri ba, ya miƙe ba tangaɗi, lafari Michael Griffin ya cika masa ƙirga takwas ta dole, ya tako gaba da ƙafarsa daram.

Joshua ya ɗauka irin ta farko ce. Ya taho ya gama aiki, ya saki wani dama mai nauyi wanda ya sauka sosai a fuskar Ruiz. Da yawa cikin mutum 21 da ya kwantar a baya a irin wannan naushin labarinsu ya ƙare. Ruiz ya shanye, bai ja da baya ba, ya saki nasa a daidai lokacin da Joshua ke cikin jifa. Wannan ita ce sana'ar Ruiz: ba ya jira ka gama sannan ya rama, tare da kai yake jifa, kuma nasa ya fi gajarta. Ƙugiyar hagu ta sauka a gefen kan Joshua, wajen kunne. Tsayar da hoton a wannan daƙiƙar ka dubi hannun daman Joshua, ba ya kan kuncinsa inda ya kamata ya tare. Dubi tsayuwarsa, ya fuskanci Ruiz da duk ƙirjinsa, a miƙe, kai a sama. Ƙafa ta yi rawa, Ruiz ya bi shi da ruwan naushi har ya faɗi. Ya tashi yana neman ya lallaɓa zuwa ƙarshen turmi, amma daf da ƙararrawa Ruiz ya ritsa shi a kusurwa ya sake zubar da shi. Da akwai sauran rabin minti, da wuya a ce damben ya wuce nan.

Mu da muka saba da damben gargajiya wannan wurin yakan ruɗe mu. A gidan dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka, an gama. Da da wannan dokar ake, Joshua ya yi kisa a turmi na 3, hasashenka kuma ya cika daidai. Damben zamani yana ba wanda ya faɗi ƙirga goma, kuma lokacin da ya fi haɗari ga wanda ya kayar shi ne 'yan daƙiƙun da ke biyo bayan tashin, domin shi yana buɗe kansa don ya gama, wanda ya tashin kuwa ba abin da ya rage masa sai jifa.

Abin da ake koyar da dogon ɗan dambe a irin wannan hali sananne ne. Ka kayar da mutum, turmin ya riga ya zama naka da maki 10 da 8, ba gaggawar komai. Ka fara gwada shi da zungure, ɗaya a fuska ɗaya a ƙirji, kana duban ƙafarsa. In ta yi laushi, ka saki hagu da dama miƙaƙƙu daga nesa ka fita gefe, ka sake dawowa. Ba ka shiga da ƙugiya ko naushin ƙasa ba sai ka ga ya daina ramawa, domin waɗannan biyun su ke tilasta maka matsowa. In kuma kai aka gigita, abu uku ne: ka zauna a gwiwa ka cinye ƙirga takwas ɗinka kafin ka miƙe, in an ce a ci gaba ka rungume shi ka danne hannuwansa a hammatarka ka sakar masa nauyinka har lafari ya raba, sannan kada ka ja da baya a miƙe zuwa igiya, ka riƙa fita ta gefe. Klitschko da kansa sai da Corrie Sanders ya kwantar da shi a 2003, Lamon Brewster a 2004, kafin wannan salon na zungure da riƙo da ya koya a hannun kocinsa Emanuel Steward ya zauna masa, ba a kuma sake doke shi ba sai 2015. Joshua a 2019 bai iya riƙo ba, don bai taɓa buƙatarsa sosai ba.

Wurin da naushin ya sauka ma yana da nasa bayani. Naushin haɓa yana juya kai da ƙarfi ya girgiza ƙwaƙwalwa, yakan ɗauke mutum nan take kamar an ɗauke wuta. Na gefen kai da bayan kunne kuwa yakan taɓa abin da ke riƙe daidaiton jiki a can cikin kunne. Mutum yana gani, yana ji, yana magana da kocinsa, amma ƙasa na yi masa lilo, ƙafa ba ta bin umarni, hutun minti ɗaya tsakanin turmi kuma ba ya warkar da wannan. Na'urar ɗaukar magana ta kama Joshua a kusurwa yana tambayar kocinsa Rob McCracken wane naushi ne ya same shi, can gaba kuma yana tambaya me ya sa yake jin jikinsa haka. Ɗan damben da ke irin waɗannan tambayoyin bai dawo hayyacinsa ba.

A nan ne Ruiz ya nuna cewa ba sa'a yake takawa ba. Haƙurin da Joshua ya kasa yi a turmi na 3, shi ya yi shi a turmi na 4. Bai afka ba. Ya riƙa takowa a hankali yana zungurin cikin Joshua. Naushin ciki ba ya burge 'yan kallo, amma yana aiki uku: yana yanke numfashi, yana sa ƙafa nauyi, yana kuma jawo gwiwar hannu ƙasa don kare ciki, sai kai ya buɗe. Ga mai tsoka da yawa abin ya fi muni, domin tsoka iska take ci. Joshua ya ɗan farfaɗo a turmi na 5, amma a na 6 ka dubi bakinsa a buɗe da hannuwansa sun sauko. Duk da haka maki bai yi nisa ba. Bayan turmi shida alƙalai biyu suna da Ruiz a gaba 57-56, na uku yana da Joshua a gaba 57-56. Da ya iya tsayawa daga nesa ya riƙe, akwai sauran dambe a gabansa.

Bai tsaya daga nesan ba. A turmi na 7 ya sake samun Ruiz da naushi mai kyau, ya sake tsayawa musaya, Ruiz ya sake riga shi. Joshua ya faɗi, ya tashi, ya sake durƙusawa. A ta huɗun ya tofar da robar bakinsa, ya miƙe ya taka zuwa kusurwa, ya juyo ya ɗora hannuwa biyu a kan igiya. Griffin ya tambaye shi ko zai ci gaba, ya amsa da baki, amma hannuwan ba su bar igiyar ba. Aka tsayar a minti 1 da daƙiƙa 27. Akwai masu cewa lafarin ya yi gaggawa. Ban yarda da su ba. Lafari ba amsar baki yake saurare ba, kowane ɗan dambe zai ce masa lafiya lau. Yana duba ko mutum ya ɗaga safarsa, ko ya tako zuwa gare shi a miƙe, ko idonsa na bin abin da ke gabansa. Wanda ya sha ƙasa sau huɗu, yana jingine da igiya ba roba a baki, in aka sake shi ga Ruiz na biyar ɗin na iya zama wanda zai bar masa lahani har abada. Da wannan nasarar Ruiz ya zama mutum na farko ɗan asalin Meziko da ya riƙe kambun duniya na masu nauyi.

An yi ta yaɗa jita-jita bayan nan, cewa an kwantar da Joshua a atisaye, ko ya firgice a ɗakin shiri. Shi da kansa ya musanta, ya ce Ruiz ne ya fi shi a daren. Abin da kowa ya gani da idonsa dai shi ne a makon damben an fi yi wa Joshua maganar Deontay Wilder, mai riƙe da kambun WBC a lokacin, wanda ya kwantar da Dominic Breazeale a turmi na 1 mako biyu kafin nan, har ma Joshua ya miƙa wa Ruiz kambunan ya riƙe a ɗauke shi hoto a taron manema labarai. Ko wannan raini ne ko karamci, bidiyon turmi na 3 ya isa bayani ba tare da shi ba.

Karawa ta biyu, ranar 7 ga Disamba, 2019 a Diriyah kusa da Riyad a Saudiyya, ita mutane ke kawowa su ce ka gani, ta farko kuskure ce. Ni a ganina ita ce ma ta tabbatar da dalilin ta farko. Joshua ya sauko zuwa kilo 107.5, ya rage kusan kilo 5, don ƙafa da numfashi. Ya ƙaro masu horarwa biyu, Angel Fernandez da Joby Clayton, a ƙarƙashin McCracken, aka kuma nemo masa gajerun abokan atisaye masu sauri. A daren ya yi abu ɗaya tsawon turmi 12: zungure, dama miƙaƙƙe in hanya ta buɗe, fita gefe, riƙo in Ruiz ya matso. Tun turmi na 1 ya fasa wa Ruiz gefen ido, ya ga jini, bai bi shi ba. Wannan kame kan shi ne bambancin dare biyun. A wuraren da ya ɗan tsaya musaya, musamman turmi na 8, Ruiz ya sake samunsa, ya kuwa yi maza ya koma nesa. Maki ya fito 118-110, 118-110, 119-109, daidai da makin da ya samu a kan Parker a Cardiff, da salo iri ɗaya.

Sai dai a yi adalci, Ruiz ɗin Diriyah ba na Niyok ba ne. Ya hau sikeli da kilo 128.7, ƙarin kilo 7, shi da bakinsa ya ce ya shafe wata uku yana shagalin nasara, bai yi horo yadda ya kamata ba, bai saurari kocinsa Manny Robles ba, kuma ba da jimawa ba suka rabu. A nan ƙiba ta yi aikinta na gaskiya, ta hana ƙafa tare fage. Gajere in yana son ya kama dogo mai gudu, ba binsa zai riƙa yi a baya ba, gefe zai riƙa takawa yana toshe masa hanya har ya tura shi kusurwa. Ruiz bin sa ya yi ta yi. Hannunsa na nan da saurinsa, ba wanda zai kai shi inda zai yi amfani.

Don haka in za ka sake hasashe a irin wannan haɗuwar, ajiye hoton awo. Nemi dambe biyu ko uku na ƙarshe na kowannensu ka kalla cikakke, ba guntun wuraren kisa ba. Duba abin da mutum ke yi a daƙiƙun da ke bin naushi mai kyau, wanda ya sha da wanda ya bayar. Duba ko hannunsa na komawa kunci bayan jifa, ko yana ja da baya a miƙe, ko ya iya riƙo. Duba wa ya taɓa ba shi wahala ko da ya yi nasara, da irin ƙirar mutumin. Duba yaushe rabonsa da fage, kuma don wa aka yi masa horo. Yawan nasara yana gaya maka su wa ya doke, ba ya gaya maka irin mutumin da bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Halin nan na Joshua kuma bai tafi da karawar Diriyah ba. A Wembley ranar 21 ga Satumba, 2024, Daniel Dubois ya kai shi ƙasa tun turmi na 1, ya sake a na 3 da na 4. A turmi na 5 Joshua ya sami Dubois da dama mai nauyi, Dubois ya ja baya zuwa kusurwa, Joshua ya bi shi ya gama, ya saukar da hannu zai taso da naushin ƙasa daga dama. Dubois ya riga shi da gajeren dama a haɓa, kuma wannan karon bai tashi kafin ƙirga goma ba.